Me ke mai da mutumin kirki mugu, kuma tausayi na iya dawo da shi?

Tambaya: Ni malamar sakandare ce. Kwanakin baya ɗalibaina suka nuna min bidiyon wani saurayi da aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa, jama'a suka rufe shi da duka har ya daina motsi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne fuskokin masu dukan, domin irin mutanen da muke gaisawa da su kullum ne. Shin da mugunta ake haihuwar mutum, ko koyonta yake yi? Kuma da gaske tausayi zai iya maganinta, ko faɗa ce kawai ta wa'azi?

Amsa:

Malama, Allah ya saka da alheri. Abin da kika lura da shi a fuskokin nan shi ne abin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suke cin karo da shi a duk inda aka zubar da jini da yawa, don haka daga nan zan kama.

Gaskiya ne akwai mutanen da tun suna ƙanana ake ganin kukan wani ba ya taɓa su, ba sa nadama, ƙarya ba ta yi musu nauyi a baki. Masana kan ƙiyasta masu wannan hali mai tsanani da kusan mutum 1 cikin 100, kuma gado yana da hannu a ciki, tarbiyya ma tana da nata. Sai dai su kaɗai ba su isa su cika kasuwa ba. Mafi yawan muguntar da aka yi a duniya, masu lafiyayyar zuciya ne suka yi ta, masu son 'ya'yansu, masu zuwa gaisuwar mutuwa da duba marar lafiya. Ɗan Adam yana zuwa duniya da iya tausayi da iya cutarwa duka biyu. Jariri kan fashe da kuka in ya ji wani jaririn yana kuka, yaro ɗan shekara 2 kan miƙa wa mai kuka abin wasansa, kuma shi dai wannan yaron ne zai gantsara wa ƙaninsa cizo a kan alewa. Abin bincike shi ne me ke danne ɗaya ya ba ɗayan fili.

Ruwanda ce na fi so mu duba, domin an bi diddigin abin da ya faru a can gari-gari, har tudu-tudu. A daren 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Shugaba Juvénal Habyarimana yana shirin sauka a Kigali. Cikin kwana kusan 100 da suka biyo baya an kashe mutane kimanin 800,000, mafi yawansu 'yan ƙabilar Tutsi, tare da 'yan ƙabilar Hutun da suka ƙi bin sahun makasa. Da adda da kulki aka yi akasarin kisan, hannu da hannu, kuma sau da yawa mai addar ya san sunan wanda yake sara, ya san 'ya'yansa, wataƙila ma surukai ne. Wani masanin siyasa, Scott Straus, ya shiga gidajen yarin ƙasar ya yi hira da fursunoni sama da 200 da suka amsa laifinsu. Ya ƙiyasta cewa waɗanda suka sa hannu a kisan sun kai tsakanin 175,000 da 210,000. Da ya duba ko su wane ne, sai ya tarar manoma ne magidanta, masu matsakaicin ilimi, da yawansu suna zaman lafiya da maƙwabtansu 'yan Tutsi kafin ranar, wasu har da auratayya a tsakani. Dalilan da suka fi ambata su ne tsoron yaƙi, da fushin kisan shugaban ƙasa, da matsin da 'yan'uwansu Hutu suka yi musu cewa ko ka fito ko a ɗauke ka maci amana.

Amma ba a wayi gari haka kawai aka ɗauki adda ba, an daɗe ana share fagen. Tun shekarun 1930 'yan mulkin mallakar Beljiyom suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaidarsa, katin da aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994. A Oktoban 1990 'yan tawayen RPF, waɗanda yawancinsu 'ya'yan Tutsi ne masu gudun hijira, suka shigo daga Yuganda, ƙasa ta shiga yaƙi. A Oktoban 1993 sojoji 'yan Tutsi suka kashe zaɓaɓɓen shugaban Burundi, Melchior Ndadaye, ɗan Hutu, sai masu hura wuta a Ruwanda suka samu abin nuni: ga abin da za a yi muku in kuka yi sake. A wannan shekarar gidan rediyon RTLM ya fara watsa shirye-shirye, da kiɗan zamani da barkwanci, matasa suna sonsa ƙwarai. A cikin raha ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Da kisan ya kankama kuwa, makasa ba sa cewa za su kashe mutane, cewa suke za su tafi aiki. Daga baya wani masanin tattalin arziki, David Yanagizawa-Drott, ya yi amfani da yadda tuddan ƙasar suke tare muryar rediyon a wasu ƙauyuka su bar ta a wasu, ya kwatanta su, ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na shiga kisan ana iya jingina shi ga wannan tasha.

To, ga abin da nake so ki riƙe a duk wannan. Da wuya ki samu azzalumin da yake ganin kansa azzalumi a lokacin da yake aikatawa. Mai addar Ruwanda yana ganin iyalinsa yake karewa daga waɗanda za su zo su yanka su. Mai dukan kasuwa kuma, in kin zauna da shi bayan ƙura ta lafa, zai ba ki labarin wayarsa da aka sace bara, da ɓarawon da aka kai wa hukuma aka gan shi yana yawo bayan kwana biyu, da tsohuwar da aka yanke wa jaka aka tafi da jarinta gaba ɗaya. Ki lura da kyau: tsohuwar nan yake tausayi. Zuciyarsa ba ta mutu ba, iyaka aka ja mata, aka bar saurayin a waje. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ce mugunta rashin tausayi ce kawai. Sau da yawa tausayin namu-ya-namu ne yake ba ta ƙarfi, shi ne yake sa mutum ya kwana lafiya bayan abin da ya yi.

Akwai kuma maganganun da ke fitowa daga bakin kusan duk wanda na zauna da shi a aikin sulhu bayan irin wannan rana, kamar sun haɗa baki. "Ni dai sau ɗaya na buga." "Ko ban taɓa shi ba da ma mutuwa zai yi." "Ai kowa ma ya yi." "Ni tsayawa kawai na yi ina kallo." Alhakin ya rarrabu a kan mutum ɗari har kowa ya ga nasa kason bai kai ya hana shi barci ba. Albert Bandura, masanin halayya a Jami'ar Stanford, ya daɗe yana nazarin waɗannan hanyoyi da mutum ke bi ya kwantar da lamirinsa: sauya wa aikin suna, raba alhaki, ɗora laifi a kan wanda aka cuta, da cire shi daga sahun mutane. A wani gwaji da ya yi a 1975, ɗalibai sun ji ana kiran wasu da ba su taɓa gani ba dabbobi, cikin subutar baki ta ganganci, kuma wannan kalma ɗaya ta isa ta sa suka ƙara tsananin horon da suka zaɓa musu.

Sai kuma ƙarfin idon abokai, wanda mutane suka fi raina wa. Ranar 13 ga Yuli 1942 aka kai wata bataliyar 'yan sandan ko-ta-kwana ta Jamus, mai lamba 101, wani gari a Polan da ake kira Józefów. Mutum kusan 500 ne, akasarinsu magidanta daga birnin Hamburg, ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda shekaru suka hana a tura su bakin daga. Kwamandansu, Manjo Wilhelm Trapp, ya tsaya gabansu da asuba, murya na rawa, hawaye a idonsa, ya faɗa musu an ba da umarnin harbe Yahudawan garin, mata da yara da tsofaffi. Sannan ya yi abin da ba a saba ba, ya ce wanda ya ga ba zai iya ba ya fito gefe. Mutum kusan 12 ne suka fito. A ranar an harbe mutane kimanin 1,500 a dajin bayan gari. Wasu sun yi amai, wasu sun sulale bayan sun harbi 'yan kaɗan, da dare aka raba musu giya, ba mai iya kallon idon wani. Masanin tarihi Christopher Browning, wanda ya bi bayanan da suka ba masu bincike bayan yaƙi, ya nuna cewa ba a yi wa waɗanda suka ƙi wani horo mai tsanani ba. Abin da ya riƙe sauran a layi shi ne kada a ce musu ragwaye, kada su bar wa abokansu aikin ƙazanta. Kafin a gama, wannan bataliya ta harbe aƙalla mutum 38,000, kuma waɗanda suka yi amai a ranar farko da yawansu sun saba.

Sabon nan shi ne abin tsoro. Mugunta kamar shiga kogi ce, daga idon sawu ake farawa, ba wanda ke faɗawa tsakiya kai tsaye. Gwajin da Stanley Milgram ya fara a Jami'ar Yale a 1961 ya nuna haka ƙarara. An ce wa mutum shi ne malami, ga ɗalibi a wani ɗaki, duk amsar da ya kuskure a danna masa lantarki. Maɓallin farko bolt 15 ne, ana ƙara 15 a kowane kuskure har zuwa 450. Ba lantarkin gaske ba ne, ɗalibin ma ɗan wasa ne, amma mai dannawa bai sani ba, yana jin ana buga bango ana neman a tsaya. A cikin mutum 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe, suna gumi suna rawar jiki, saboda wani mai rigar ɗakin gwaji yana ce musu su ci gaba. Da an ce musu tun farko su danna 450, da kaɗan ne za su yarda. Mutane kan tsaya a nan in suna ba da labarin, alhali abin da ya fi amfani yana gaba. Da aka kawo ɗalibin cikin ɗaki ɗaya da mai dannawa, masu kaiwa ƙarshe suka ragu zuwa kashi 40 cikin 100. Da aka ce sai ya kama hannunsa ya danna a kan ƙarfen, suka koma 30. Da aka zaunar da shi tare da wasu mutum biyu da suka miƙe suka ce ba za su ci gaba ba, sai suka faɗo zuwa 10. Ganin fuskar wanda ake cuta yana rage mugunta, amma ganin wani ya ƙi ya fi rage ta nesa ba kusa ba.

Game da ƙuruciya, a taƙaice: yaron da ya tashi cikin duka da wulaƙanci ya fi shiga haɗarin cutar da wasu in ya girma, an tabbatar da haka a binciken da Cathy Widom ta yi a Amurka tana bin rayuwar ɗaruruwan irin waɗannan yara. Amma binciken dai ya nuna mafi yawansu ba su zama masu laifi ba. Kada a yanke wa yaro hukunci saboda gidan da ya fito.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu. Tausayi yana magani, amma ba kowane iri ba. Akwai jin zafin wani a jikinka, irin yadda cikinki ya murɗa da kika ga bidiyon. Wannan yana zuwa da kansa, sai dai yana da son kai na ɓangare. A 2010 wasu masu bincike a Zurich, ciki har da Tania Singer, sun sa magoya bayan ƙungiyar ƙwallo cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna kallon ana jin wa wani ciwo. In ɗan ƙungiyarsu ne, sashen ƙwaƙwalwar da ke jin zafi ya fi motsawa, kuma sun fi yarda su karɓi rabin zafin a madadinsa. In ɗan ƙungiyar hamayya ne, a wasunsu sashen jin daɗi ne ma ya motsa, kuma waɗannan su ne suka ƙi taimako. A kan ƙwallo ke nan, balle addini ko ƙabila. Mu ma mun ga haka a gida. Da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, Arewa ta yi kuka, kuma ya cancanci kuka. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa ko haka ya ji da aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu a 2012, ko ɗalibar da taro ya kashe a Sakkwato a 2022. Wanda hawayensa ke duba sunan mamaci kafin ya zubo, shi ma ana iya kai shi kasuwar nan wata rana.

Bayan son ɓangare, jin zafin wani yana gajiyar da mai shi. Ma'aikatan jinya sun san wannan, zuciya kan ƙoshi ta rufe. Singer da abokiyar aikinta Olga Klimecki sun horar da mutane su riƙa jin wahalar wasu a ransu, sai baƙin cikinsu ya ƙaru. Da suka sauya horon zuwa nufin mutum da alheri da ƙudurin taimaka masa, baƙin cikin ya sauka, kuma wani sashen ƙwaƙwalwa daban ne ya yi aiki. Wannan na biyun nake nufi da tausayin da ke magani: ka ga mutum a matsayin mutum ko ba ka son sa, ka nufe shi da tsira, ka motsa. Ana koyonsa, kuma ba ya jiran sai ranka ya so. Addini ya riga mu nan. Ayar Suratul Ma'ida da ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, ai ta san ƙin yana nan, hannu ta kama. Haka hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, ta hanyar hana shi zaluncin.

Ki dubi waɗanda suka yi shi a aikace. Kyaftin Mbaye Diagne sojan Senegal ne, Musulmi, yana cikin masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, ba ya ɗauke da makami. Tun ranar 7 ga Afrilu ya ceto 'ya'yan Firaminista Agathe Uwilingiyimana bayan an kashe ta. Daga nan ya riƙa fita shi kaɗai a motarsa yana kwaso mutane kaɗan-kaɗan, yana ratsa shingayen 'yan Interahamwe, ƙungiyar matasan Hutu masu kisan, ɗaya bayan ɗaya. A kowane shinge sai ya sauke gilashi, ya gaisa da samarin da addunansu ke jiƙe da jini, ya ja su da wasa, ya miƙa taba ko 'yan kuɗi, har su ɗaga masa sanda. Bai taɓa mantawa cewa su ma mutane ne masu jin kunyar wanda ya yi musu fara'a ba, kuma da wannan ya ceci ɗaruruwa. Ranar 31 ga Mayu 1994 ɓaraguzan wani harsashin igwa suka same shi a wani shinge ya rasu. A 2014 Kwamitin Sulhu ya ƙirƙiro lambar yabo ta jarumta da sunansa. Akwai kuma Zula Karuhimbi, tsohuwa 'yar Hutu mai maganin gargajiya, wadda ta ɓoye mutane kusan 100 a gidanta, ta riƙa tsorata makasa da cewa aljanunta za su kama duk wanda ya tsallaka ƙofarta.

Namu na gida ma yana nan. Ranar 23 ga Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Kiristoci suka gudo Nghar Yelwa. Liman Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata gidansa, maza masallaci, mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, sai ya tare ƙofa, ya zube ƙasa yana roƙonsu, ya ƙi matsawa har suka juya. Da aka tambaye shi daga baya, cikin abin da ya ambata akwai cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi wurin gina masallacin. Alherin da aka yi tun kafin a haifi yawancin masu gudun shi ya buɗe musu ƙofa.

Kada ki ɗauka irin waɗannan mutane ba su da yawa a rayuwar yau da kullum. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa sun duba faifan kyamarorin kan titi 219 na faɗa da rigima daga Amsterdam da Lancaster da Cape Town. A 9 cikin kowane 10 an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Raba faɗa shi ne al'adar ɗan Adam, bidiyon da aka raba faɗa ne ba ya yawo a waya.

Ta yaya ake faɗaɗa wannan iyaka da aka ja wa zuciya? Abin da bincike ya nuna ya saɓa wa yadda muka saba tunani. Mun ɗauka sai an gyara zuciya hali zai gyaru, amma sau da yawa hali ne ke riga. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun shirya wa samari Musulmi da Kirista kwas na koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin addini ɗaya, ba tare da an yi musu wa'azin zaman lafiya ba. A sakamakon da suka buga a 2018, ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya yin adalci ga na ɗaya ɓangaren, kuma abin lura shi ne zama da naka zalla ne ya ƙara nuna bambancin. A Monrovia ta Laberiya an ɗauki samari 999, masu ƙwace da sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, aka ba wasunsu horon mako 8 kan yadda mutum zai gane fushinsa yana tasowa, ya dakata, ya yi tunani, aka haɗa wa wasu da dala 200. Bayan shekara 10, waɗanda suka samu duka biyun sata da ƙwacensu ya ragu da kusan rabi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992 a Kaduna, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa, sun fara aiki tare daga 1995, kuma su da kansu sun sha faɗa cewa sun yi shekaru suna tafiya tare kafin zuciya ta saki. Su ne suka taimaka aka ƙulla sulhun Yelwa da Shendam na jihar Filato a 2005.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Tausayi ba ya nufin a saki mai laifi, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe. A Saliyo an yi nazarin ƙauyuka 200, inda a rabinsu aka yi taron sulhu, wanda ya yi laifi a yaƙin basasa ya amsa a gaban jama'a ya nemi gafara. Yafiya ta ƙaru, amincewa da tsofaffin mayaƙa ta ƙaru, amma damuwa da firgicin waɗanda aka cuta su ma sun ƙaru, domin an tono musu ciwo aka bar su da shi. Kotunan gargajiya na gacaca a Ruwanda sun saurari shari'u kusan miliyan 2 daga 2002 zuwa 2012, sun sa mutane da yawa sun san inda aka binne nasu, amma ba su saurari laifukan sojojin RPF ba, kuma wannan giɓi yana nan. A wurinmu kuwa, muddin mutane suna ganin kai ɓarawo hannun hukuma ɓata lokaci ne, kuma suna ganin waɗanda suka kashe mutum a taro suna komawa shagunansu washegari, to wa'azin tausayi shi kaɗai zai sha wahala. Hukunta masu kisan taro, da hukunta ɓarawo ta hanyar shari'a, duka biyun aikin tausayi ne.

Ke kuma, Malama, kina riƙe da wurin da ya fi ko'ina muhimmanci. A Maris 1997 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Nyange a Ruwanda da dare, suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. An kashe wasunsu, kuma yau ƙasar tana lissafa su cikin jarumanta. Shekara 3 kacal bayan manya sun yi abin da suka yi ke nan. Wani ne ya koya musu.

Ki fara da ƙananan abubuwan da ke gabanki: sunan banza da aka laƙa wa yaro ɗaya a aji kowa yana dariya, dukan da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana da hujjar su ma an yi musu, bulalar da malami ke yi cikin fushi yana kunyata yaro a gaban tsaransa. Nan ne yara ke koyon cewa akwai wanda ya halatta a wulaƙanta. Ki koya musu abin yi a zahiri in ihu ya tashi, domin mintunan farko su ne komai. Kada yaro ya faɗa tsakiyar taro shi kaɗai. Ya nemi na biyu da na uku, ya kira babban da ake jin nauyinsa a wurin, sarkin kasuwa ko liman ko wani dattijo, a kira masu dukan da sunayensu ɗaya-ɗaya domin wanda aka ambaci sunansa ya fita daga rigar taro, a tura wanda ake zargi cikin shago ko masallaci a rufe, a kira 'yan sanda ko 112.

Kuma kada ki ɗauki aikin ke kaɗai. Elizabeth Paluck da abokan aikinta sun gwada wani tsari a makarantu 56 a jihar New Jersey ta Amurka. Maimakon malamai su yi ta faɗa, sai aka zaɓi 'yan ɗalibai kaɗan aka bar su su tsara yadda za su fito fili su nuna ƙin cin zali, da kalmominsu, ta hanyarsu. A shekara ɗaya rahoton rigima tsakanin ɗalibai ya ragu, kuma ya fi raguwa inda aka dace da yaran da sauran ke yawan hulɗa da su. Don haka in za ki zaɓa, ba lallai monita ko mai zuwa na ɗaya ba. Ki tsaya lokacin tara ki ga wa ake kewayewa, wa ake kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, ko da shi ne mai ba ki ciwon kai a aji, ki fara zama da shi da abokansa biyu ko uku.